Yadda ake shawo kan mai cewa "ina kallo tukuna", da yadda ake lissafin ƙuri'a kafin a dangwala

Kowace majalisa tana da irinsa. Ana ta cacar baki a kan 'yan takara, wannan ya ɗaga murya, wancan ya buga benci, shi kuwa yana gefe yana fifita shayinsa daga kofi zuwa kofi. In aka ce masa, "Malam, kai ina ka dosa?" sai ya ce, "Ni fa ina kallo tukuna." Masu zafin ra'ayi sukan ɗauke shi marar alƙibla. Ni da na yi zaɓe uku ina bin gida-gida a mazaɓarmu, ranar zaɓe kuma ina tsaye a rumfa a matsayin wakilin jam'iyya, na san duk majalisar shi kaɗai ne cinikinsa bai faɗa ba. Wanda ya riga ya sa hular gwaninsa, ko kwana za ku yi kuna magana, inda ka same shi nan za ka bar shi.

Irin mai shayin nan kuwa ba su da kaɗan. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, mutum miliyan 93 da ɗoriya ne ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta INEC, amma ƙuri'un da aka kaɗa kusan miliyan 25 ne kacal. Bola Tinubu ya samu 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, wato tazarar 1,810,206. Raba wannan tazara a kan rumfunan zaɓe 176,846 da ke ƙasar, za ka ga ba ta wuce ƙuri'a goma da ɗan abin da ba a rasa ba a kowace rumfa. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan aikin mutum goma ne zuwa ashirin a layinku. Na filin taro da jiniya na masu shi ne.

Mataki na farko: nemo sakamakon rumfarku

Kafin ka buɗe baki da kowa, nemo takardar sakamakon zaɓen da ya wuce ta rumfarku, wadda ake kira EC8A. Wakilin kowace jam'iyya yana karɓar kwafi, don haka shugaban jam'iyyarku na mazaɓa ko sakatarensa bai kamata su rasa ba. Abu uku za ka duba: mutum nawa ke cikin rajista, nawa aka tantance, kuma nawa kowace jam'iyya ta samu. A yawancin rumfunan da na taɓa tsayawa, waɗanda ba su fito ba sun fi duk jam'iyyun a haɗe. Jihar Kano ma haka take: a 2023 rajista ta kusa miliyan 6, ƙuri'un shugaban ƙasa kuwa miliyan 1.7 ne.

Sai ka sayi littafi mai arba'in, ka zauna da mutum biyu da suka san unguwar ciki da bai, ku rubuta gidaje layi-layi. Gaban kowane suna a sa alama: namu, nasu, ko mai kallo. Littafin nan ya zauna a aljihunka. Kar ka ɗauki hotonsa ka tura dandalin WhatsApp, domin ranar da wani ya ga sunansa da alamar "nasu", ka yi abokin gaba a banza.

Mataki na biyu: masu kallo ba iri ɗaya ba ne

Nan mutane suka fi yin kuskure, suna ba kowa magani ɗaya.

Akwai wanda ya yi fushi. Ya taɓa shan rana a layi, ya kasa ya tsare ya raka, ƙila har da kuɗinsa ya taimaka, daga baya abin da ya zata bai gani ba. Shi yanzu ba tsakanin ɗan takara da ɗan takara yake ba, tsakanin fita da zaman gida yake. In ka zo masa da "wannan karon ga mai ceto", ka fama masa tsohon miki, don da wannan waƙar aka ɗauke shi a baya. Irinsa su ne mafi yawa, su ne kuma mafi wuyar sha'ani.

Akwai wanda da gaske yake tsakanin mutum biyu: yana son wannan saboda abin da ya yi a jiharsa, yana ganin wancan ne zai iya kai labari. Shi ne wanda maganar lissafi za ta yi wa amfani, za mu zo kanta.

Akwai wanda ya gama yanke shawara tuntuni, yana ɓoyewa ne kawai. Uban gidansa a kasuwa ɗan wata jam'iyya ne, ko mai gidan da yake haya, ko surukinsa. Wannan kar ka matsa masa ya furta. Ka tuna masa dai cewa a wurin dangwale shi kaɗai ne, takardar kuma ba ta ɗauke da sunansa, ka wuce.

Na ƙarshe mai jiran farashi ne. Za ka gane shi da wuri, don zancensa ba ya wuce "to me ake ciki?" Kar ka ɓata takalminka.

Mataki na uku: wa za a tura

Magana ɗaya ce, amma bakin da ta fito daga gare shi ke sa a karɓa ko a ƙi. Yaro ɗan shekara ashirin da biyar ba zai zaunar da dattijo ya koya masa siyasa ba, mutumin da ya yi zaɓe tun zamanin NPN da PRP. In dattijo ne, nemi sa'ansa da suke zama tare bayan la'asar. In ba makawa kai za ka je, ka je a matsayin mai neman shawara: "Baba, ku da kuka ga jiya, yaya kuke ganin wannan tafiya?"

Mata kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfa a ƙasar Hausa ya san layinsu kan fi na maza tsawo da haƙuri. Namiji ba zai shiga gidan mutane ya same su ba, kuma kuskure ne a ɗauka cewa an gama da gida don maigida ya ce to. Sau da yawa maigida yana wani wuri, uwargida tana wani wuri, kowa ya yi shiru don a zauna lafiya. Aikin mata sai mata: uwar adashi, mai kitso, mai sayar da atamfa bashi gida-gida, ungozoma. Wurin suna da wurin biki ana kashe maganar da wata guda na tallar rediyo bai kashe ba.

Masallaci da coci a bar su. Dokar zaɓe ta 2022 ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada, kuma ko ba doka, mutumin da ka tare da zancen jam'iyya yana ɗaure takalmi bayan sallar asuba ba zai manta maka ba.

Mataki na huɗu: zuwan farko na kunne ne

A zaɓena na farko na je wurin wani tela a bakin layinmu da takardar alkawuran ɗan takararmu, na haddace ta kamar karatun allo. Na yi ta zuba kusan rabin awa: tituna, jiragen ƙasa, wutar lantarki. Yana taka keke bai ɗago ba. Da na gama sai ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Ka gama? To ni ƙanena aka ɗauke a hanyar ƙauyenmu, gonar gado muka sayar muka karɓo shi. A takardar taka akwai wannan?" Na rasa ta cewa. Ko jaje ban yi masa ba, don ban ma sani ba, ga shi kuwa layinmu ɗaya.

Tun daga ranar na sauya. Zuwan farko ba na ambatar sunan ɗan takara sai in an tambaye ni. Gaisuwa, tambayar iyali da kasuwa, sannan tambaya ɗaya: "Yaya, in da za a ce abu ɗaya gwamnati mai zuwa za ta gyara maka, me za ka zaɓa?" Sai in kama bakina. Wani zai ce taki, wani kuɗin makarantar yara, wani asibiti, wata ta ce ɗanta ya gama karatu shekara huɗu yana zaune. In ya fara zagin 'yan siyasa gaba ɗaya, har da naka, bar shi ya sauke. Kar ka ce masa "ai ba haka ba ne". Da ka fita, rubuta abin da ya faɗa a gaban sunansa.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: kar ka kushe wanda ya zaɓa a baya. In ka ce wancan azzalumi ne tun asali, abin da kunnensa zai ji shi ne kana ce masa wawa. Ka ce, "Da yawanmu mun sa rai a lokacin." Ka bar masa ƙofar da zai fito ba tare da ya ji kunya ba.

Mataki na biyar: ka koma da magana ɗaya, ta gaskiya

Bayan kwana huɗu ko mako, ka koma da amsar abin da ya dame shi shi kaɗai. In maganar asibiti ya yi, kawo masa abin da ɗan takararka ya yi a kan asibiti lokacin da yake riƙe da wani muƙami, a wuri mai suna da zai iya tambaya a gaya masa. Aikin da aka gani ya fi alkawari nauyi, kusan duk manyan masu neman shugabancin ƙasar nan kuwa sun taɓa zama gwamna, ko sanata, ko minista, ko mataimakin shugaban ƙasa, don haka akwai abin aunawa.

In ya kawo aibin gwaninka kuma gaskiya ne, ka amsa. "Wannan kam an yi, ni ma bai yi mini daɗi ba. Ga dalilin da ya sa duk da haka nake tare da shi." Mutumin da ya ji ka amsa laifi ɗaya zai saurari sauran zancenka. Wanda ya ce gwaninsa ba shi da tabo, sojan baka ne, kuma kowa ya san ana biyansu.

Kar ka tura masa faifan murya ko bidiyon da ba ka san asalinsa ba. Lokacin zaɓe ana yanka magana a haɗa, a ɗauko tsohon hoto a ce na jiya ne. Rana ɗaya ɗansa mai waya zai nuna masa ƙarya ce, daga nan duk abin da ka faɗa ya bi ruwa.

Mataki na shida: lissafi

Yanzu ga mai cewa, "Ni wane nake so, amma an ce ba zai ci ba, kar in yi asarar ƙuri'ata." Ko kuma kai ne kake son ka ce masa haka. Kafin ka faɗa, ka san yadda ake cin zaɓen, don da yawan masu wannan magana ba su sani ba.

Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharaɗi biyu. Ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u a ƙasa baki ɗaya, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24 daga cikin 36. Abuja an yi ta gardama a kanta bayan zaɓen 2023, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Oktoban shekarar cewa ba ta da wani matsayi na daban da zai sa dole sai an samu kashi 25 a cikinta.

Abin da wannan ke nufi shi ne "cin jiha" ba ya ba da komai a karan kansa. Ba kamar Amurka ba ne, inda a kusan duk jihohi wanda ya zo na ɗaya ke kwashe wakilan jihar gaba ɗaya. A nan kowace ƙuri'a tana tafiya cikin jimillar ƙasa. Dubi Kano a 2023: Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716. Tinubu bai ci Kano ba, amma ya ɗebi rabin miliyan ya kai jimillarsa, ya kuma haye kashi 25. Atiku ko kashi 10 bai kai ba. A Katsina Atiku ne ya zo na ɗaya da tazarar da ba ta kai 7,000 ba, a Sakkwato ba ta kai 4,000 ba. An yi murna, amma a lissafin ƙasa kusan canjaras ne. Don haka duk wanda ya ce maka "jiharmu ta wane ce, fitarka ba ta da amfani", bai san dokar ba.

Kano ta taɓa zama ita ce alƙalin wannan lissafi. A 1979 jihohi 19 ne. Alhaji Shehu Shagari ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12, a Kano ta Malam Aminu Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94. Lauyan NPN, jam'iyyar Shagari, Richard Akinjide, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 ai 12 ne da biyu bisa uku, saboda haka a jiha ta goma sha uku ba a buƙatar cikakken rubu'i. Obafemi Awolowo, wanda ya zo na biyu, ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari. 'Yan tsirarun da suka dangwala wa NPN a Kano, waɗanda aka yi wa dariya a unguwa cewa sun zubar da ƙuri'a, da tasu aka rantsar da shugaban ƙasa.

Sai maganar raba ƙuri'a. Atiku, Peter Obi da Kwankwaso duk a PDP suke har farkon 2022. Obi ma shi ne mataimakin Atiku a takarar 2019. A 2023 Obi ya samu 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. In ka haɗa su ukun sun haura miliyan 14 da rabi, wanda ya ci kuwa bai kai miliyan 9 ba. Wannan ita ce hujjar masu cewa a dunƙule wuri ɗaya, kuma hujja ce mai ƙarfi. Haɗewar ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA a 2013, wadda ta haifar da APC, ita ta kai Muhammadu Buhari ga nasara a 2015 bayan ya faɗi sau uku. Amma kar ka cika ta da yawa. Ƙuri'a ba buhun masara ba ce da za a ɗauke daga wannan rumbu a zuba a wancan. Da yawan waɗanda suka fito don Obi ko don Kwankwaso, da ba su tsaya ba, gida za su zauna, wasu ma ɗaya ɓangaren za su koma. Masu cewa Kwankwaso kaɗai ya kayar da Atiku su ɗauki biro: ko an ba Atiku ƙuri'unsa duka, jimillar 8,481,207 ce, ba ta kamo Tinubu ba.

Maƙwabtanmu na Nijar, a zaɓukan da suka yi a baya, ba su da wannan ciwon kai sosai, don tsarinsu zagaye biyu ne in babu wanda ya haura rabi. A 1993 Tandja Mamadou ne kan gaba a zagayen farko, sai jam'iyyun adawa suka haɗu a bayan Mahamane Ousmane ya ci a na biyu. Can mutum na iya bin zuciyarsa a karon farko, ya yi lissafi a na biyu. Mu a Najeriya dokar ta tanadi zagaye na biyu, amma ba a taɓa zuwa ba, saboda haka zuciya da lissafi duk a takarda ɗaya suke haɗuwa.

To yaya za ka bi da mai wannan ruɗani? Ka yi masa tambaya uku, ka bar shi ya amsa da kansa. Wanne ya fi ƙarfi a ranka, son wane ya hau ko gudun kar wane ya hau? A ƙasa baki ɗaya, ba a unguwarmu ko a Facebook ba, su wa kake gani a sahun gaba, kuma da wace shaida: gwamnoni nawa, 'yan takarar majalisa a jihohi nawa, wakilai a rumfuna nawa? Na uku, in ka bar wanda kake so ka zaɓi na biyunka, ya ci, ya kuma ba ka kunya, za ka iya zama da wannan? In ya ce shi dai gwaninsa zai yi ko da zai faɗi, ka girmama shi. Ƙuri'ar da aka ba wanda bai ci ba ita ce jarinsa a zaɓe na gaba, da ita ake zama teburin sulhu.

Ka kuma tuna masa ba dole ne ya yi sak ba. Ranar zaɓen shugaban ƙasa takarda uku ake ba mutum: shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar wakilai. Yana iya yin wake da shinkafa. Mutane sun iya wannan fiye da yadda 'yan siyasa ke zato. A 2023 Zamfara ta ba Tinubu na APC rinjaye, bayan mako uku ta zaɓi Dauda Lawal na PDP gwamna. Kaduna ta ba Atiku rinjaye da sanatocin PDP uku, ta dawo ta zaɓi Uba Sani na APC. Wani lokaci ba za ka samu duka ukun a wurin mutum ba. Karɓi ɗayar da ya ba ka ka yi godiya.

Wata gaskiya da 'yan uwana masu yawon kamfe ba sa son ji: maganar "kar ka yi asarar ƙuri'a" ita ce ta ƙarshe da za ka fito da ita, ba ta farko ba. In ka fara da ita, ka nuna ba ka da abin yabo a kan naka sai girman jam'iyya.

Maganar taliya da sabulu

Za a raba, kowa ya sani. Ko a 2023 da aka sauya fasalin naira takardar kuɗi ta yi wuya, an raba atamfa da taliya. Sayen ƙuri'a laifi ne a doka, ga mai bayarwa da mai karɓa, don haka kai kar ka sa hannu. Kar kuma ka tsaya yi wa uwar marayu wa'azi a kan ƙullin da ta karɓa. Abin da nake cewa shi ne, "Inna, wannan kwana nawa zai yi miki? Wanda za a zaɓa shekara huɗu zai yi."

Mataki na ƙarshe: daga "to, na ji" zuwa akwati

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ce maka to, tambaye shi katinsa yana hannu? Ya san rumfarsa? Kafin zaɓen 2023 an ƙara rumfuna an kuma sauya wa wasu wuri, na ga mutanen da suka sha layi awa biyu kafin a ce musu sunansu na wata rumfar. Ku duba tun da saura mako biyu.

Koya masa dangwale, musamman tsofaffi da masu zaɓen farko. Takardar ba ta ɗauke da hoton ɗan takara, alamar jam'iyya ce da harufanta, kuma a 2023 jam'iyyu 18 ne a jere. Zana akwatuna a takarda, ka sa shi ya gwada da tawada: yatsa ɗaya, cikin gida ɗaya, kar ya haura layi, a bar tawadar ta sha iska kafin a naɗe. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 ƙuri'a sama da miliyan 1.2 aka soke, a 2023 sama da 900,000. Ya kuma juya bayan takardar ya ga an buga hatimi an sa hannu kafin ya karɓa. Kanawa sun san zafin wannan: kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamna ta 2023 ta zare wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663 a kan rashin hatimi da sa hannu, sai a Kotun Ƙoli aka mayar masa a Janairun 2024.

Yaƙin neman zaɓe yana rufewa awa 24 kafin ranar, ranar kuma doka ta hana neman ƙuri'a cikin mita 300 daga rumfa. Saboda haka zagayenka na ƙarshe ranar Alhamis ne, kuma ba na gardama ba ne. Tambaya ce kawai: ƙarfe nawa za ka fita, da wa za ku tafi, wa zai riƙe wa Hajiya yara, wa zai kama wa Baba hannu? Ana hana zirga-zirgar ababen hawa, don haka wanda rumfarsa ke nesa ya kwana kusa. A 2023 an tsara buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe a rufe 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi kafin lokacin rufewa sai ya yi zaɓe, ko da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ja lokaci. Gaya masa ya karya kumallo, ya riƙo ruwa da 'yar tabarma.

Ranar Asabar da hantsi, buɗe littafinka ka leƙa layi. Wanda ba ka gani ba, tura yaro ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce an fara.